Shekarar da Na Ƙirga Rumbunan Kawu

Ban nemi zama sakataren kwamitin rabon abinci ba, rubutuna ne ya ja mini. Na daɗe ina koyarwa a firamare a Tambuwal, kuma duk wanda ya taɓa leƙa ajina ya san ina jan layi a miƙe. Da aka zo neman wanda zai riƙe biro sai aka ce a kira malamin nan mai tabarau. Na je ina ta cewa ai ban cancanta ba, alhali tun daga gida na goge takalmi.

Shekarar ce ruwa ya ɗauke gero yana cikin fid da kai. Aka girbe abin da aka samu, kafin bazara ta yi nisa mutane sun fara ganin gindin rumbu. Sai wata ƙungiyar agaji ta ba da hatsi da wake da man girki a raba wa mabuƙata. Takardar da ta biyo kayan gajeriya ce. Ta ce ba za a yanke wa kowa daga nesa ba, kowace jiha ta tsayar da iyakar abin da mutum zai mallaka da abin da yake samu kafin a ce ya fi ƙarfin tallafi. Daga can ma aka ce na kusa ya fi sanin na kusa, aka miƙo wa kowace ƙaramar hukuma ta yi nata. Haka garwashin ya yi ta wucewa hannu zuwa hannu har ya faɗo a tafin mutum bakwai, a wani aji da aka kwashe yara aka ba mu. Ni ne na bakwai.

Kwana uku muna neman ma'anar talaka. Kowa ya san talaka in ya gan shi, amma ka ce a rubuta shi a takarda sai ka ga dattawa suna sosa ƙeya. Batun abin da mutum ke samu a wata, malamin gona ne ya kashe shi, kuma shi kaɗai ne a cikinmu ya san ƙauyukan gida-gida. Ya ce, "Manomi ba shi da wata, kaka gare shi. In kunka tambaye shi abin da shika samu, Alhamdu lillahi za shi ce muku. To wane layi za a rubuta wannan?" Aka dai tsaya a kan mai albashi ba ya ciki. Mun yarda muna haɗiyar yawu, don mu muka san ranar da albashin yake ƙarewa.

Sai batun kadara. Shugabanmu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin asibiti, ya ce duk mai rufin kwano a cire shi. Aka tuna masa akwai gidajen da rufin nan ya girmi masu shi, in ana ruwa sai an jera ƙore a tsakar ɗaki. Wani ya ce mai babur. Aka ce rabin masu kabu-kabu babur ɗin ba nasu ba ne. Wani ya ce mai rediyo, aka yi masa shiru har ya ji kunya da kansa.

Ni na kawo rumbu. Na miƙe tsaye, ko da yake ba wanda ya ce a miƙe, na ce tun da abinci za a raba, a dubi ma'ajiyar abinci. Mai rumbu ɗaya da wanda ba shi da ko ɗaya suna ciki. Mai biyu zuwa sama Allah ya rufa masa asiri, ya bar wa na ƙasa. Na ce rumbu ba ya ƙarya, ba ya gudu, ba a sa shi a aljihu. Shugaba ya bugi tebur ya ce ilimi dai ilimi ne. Malamin gona ya buɗe baki zai yi magana, ya dube ni ya ga yadda nake sheƙi, ya mayar ya rufe. Na rubuta dokar da jan biro na ja mata layi biyu.

A makon nan muka ji abin da kwamitin Kebbe ya yanke. Su dabba suka duba: wanda ya wuce awaki uku, ko yake da shanun huɗa, ba ya ciki. Mun yi dariya har da riƙe ciki, don akuya ƙafa gare ta. Kuma ba mu yi kuskure ba. Kafin malamansu su fara zagaye, awakin Fakku, can ƙasar Kebbe, sun fara zuwa ziyarar dangi a ƙauyukanmu. A Sanyinna na ga wata tsohuwa da a sanina ko kaza ba ta da ita, ga awaki tara suna cinye mata danga. Na ce, "Iya, arziki ya samu." Ta ce, "Baƙi na, ɗana. In an ƙare rubutu can su koma gida." Ni kuwa duk majalisar da na zauna sai na yi wa mutanen Kebbe tsiya, ina cewa su zo su ga yadda ake doka.

Muka fara namu zagayen, ni da malamin gona a kan babur ɗinsa, shi yana tuƙi ni ina baya rungume da rajista. Gidan farko da muka samu rumbu biyu, mai gidan ya ce ɗayan akurkin kaji ne. Na ce ta ina kaza take hawa can sama? Ya ce kajinsa masu himma ne. Na rubuta biyu. Can gaba muka iske wani rumbu da ba jinka a kansa, ya tsage daga sama har ƙasa, ƙadangaru na shiga suna fita. Wannan kam kufai ne, ko makaho ya laluba ya sani. Na yi hukunci nan take, da muryar alƙali, cewa rumbun da ba shi da jinka ba a ƙirga shi.

Maganar ta riga babur ɗinmu isa. Washegari da muka shiga Jabo, rumbunan garin duk kansu a buɗe, jinkaye a jingine bayan danga, wasu ciyawarsu ko dushewa ba ta yi ba. Masu gida suna tsaye suna gaishe mu da fuskar tausayi. Malamin gona ya yi dariya har sai da ya tsayar da babur. Ni ban yi ba, haushi na ji ƙwarai. Na soke hukuncin jiya a tsakiyar hanya, na ce da jinka da babu duk ɗaya ne in dai bangon yana tsaye.

Gida ɗaya ne ba a taɓa jinkarsa ba, gidan Kawu, yayan mahaifiyata. Rumbuna uku ne a jere, manya, tun ginin mahaifinsa, an yaɓe su sumul. A Jabo in baƙo ya tambayi hanya da su ake yi masa kwatance. Da geron cikinsu na yi makaranta, don bayan rasuwar mahaifina Kawu ne yake ɗora buhu a kan jaki ya kawo mana har Tambuwal. Ya fito ya tarbe mu, dogo, rigarsa wankakkiya, ya sa aka dama mana fura. Ya ce, "Kai ɗan nan, ƙirga da kyau. Uku na, kada ka rage min ko guda." Na rubuta uku na ja layi a kan sunansa yana kallo yana gyaɗa kai. Inna, matarsa, ta leƙo daga ƙofar ɗaki ta dube ni, ta dubi rajistar, ta koma ciki.

Layin nan ya yi mini rana. Duk wanda ya zo gidana da ƙorafi sai in buɗe masa shafin Jabo in ce ga kawuna nan, uwa ɗaya uba ɗaya da wadda ta haife ni, da hannuna na soke shi. In ƙara da cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Shugaba har misali ya ba da ni a taro, na sunkuyar da kai yadda kowa zai ga na sunkuyar.

Ana saura kwana huɗu a rufe rajista sai ga 'yar Kawu da ke aure a Fakku ta sauka a ƙofar gidana da ƙullin hatsi a ka. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ta taɓa gaishe ni ba sai da ɗan zagi a ciki. Su can an riga an yi musu rabo. Ta ajiye ƙullin ta ƙi zama.

Ta ce, "Sannu mai doka. An ce kai ad da dokar rumbu."

Na ce ni ne, kuma ta fi ta awaki nesa ba kusa ba.

Ta ce, "To ga rabin abin da anka ba mu. Ka kai ma Inna ka ce kai kas saya. In ni nik kai, Baba maido min shi za shi yi."

Na ce me mai rumbu uku zai yi da ƙullin hatsi?

Ta ce, "Ido fuɗu gare ka, ko guda ba shi gani. Da kas shiga gidan, ka ji kukan akuya? Ka ga jakin nan? Da Baba wajenmu shike, shi za a fara rubutawa, don ko bunsuru ba shi da. Ku kuwa kun tsaya kuna ƙirgan laka."

Sai a nan ta zauna, ta ba ni labarin da ya kamata a ce na sani. Shekara biyu ke nan rumbunan ba ko zangarniya a ciki. Gona ta gaji, Kawu ya tsufa, 'ya'yansa maza sun watse neman na kansu. An sayar da awaki ɗaya bayan ɗaya, jaki ya bi su. Inna ce ke yin daddawa tana sayarwa, da yamma ta aika a auno mata tiya guda. Da safe Kawu zai zuba tiyar nan a kwando ya rufe da tsumma, ya jingina tsani ya hau, ya shige rumbu ya ɗan jima, sannan ya fito da kwandon a buɗe ya miƙa wa Inna yana cewa da ƙarfi a riƙa tattali. Kullum haka, ga ciwon gwiwa. Jinka kuwa duk shekara sai ya yi sabuwa, don ciyawa ba saye ake yi ba.

Na so in yi dariya, ba ta fito ba. Kunya ce ta rufe ni, musamman da na tuna furar ran nan, da na sha na ce ta yi daɗi aka ƙaro mini.

Da sassafe na je wurin shugaba. Na yi ta kewaye-kewaye a kan cewa kowace doka tana buƙatar gyara, har ya gaji ya ce in faɗi sunan wanda nake nufi. Da ya ji, ya ce takarda ta ba mu dama, mu muka yi mu za mu gyara, amma ba za a rubuta mutum don kawun sakatare ne ba. Aka tara kwamiti aka tsayar da cewa rumbun da babu komai ciki ba a ƙirga shi, da sharaɗin ɗan kwamiti ya hau ya leƙa da idonsa a gaban mai unguwa, ya faɗa kowa ya ji. Bayan abin da aka yi mana da jinkaye ba wanda zai yarda da maganar cikin ɗaki, gani ya kori ji. Da aka zo kan wa zai hau, duk suka juyo suna kallona. Shugaba ya ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Muka koma Jabo da hantsi. Na bar malamin gona a waje na ja Kawu cikin zaure, na durƙusa na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, ya ce wa ya gaya mini? Ya ce, "Waccan mai bakin ta, na sani."

Sannan ya ce, "Ɗan nan, ka san abin da kaka cewa? Ka hau ka kware ma rumbun ubana kai gaban jama'a? Mutanen garin ga in sunka ga rumbunan nan tsaye hankalinsu kwance shike. Ko ban ba kowa ba, sun san akwai."

Na ce damina na tafe, kuma tsakanin shuka da sabon gero akwai nisa. Ya ce Allah na nan. Na ce ai Allah ne ya aiko buhun. Ya ce in bar yi masa wa'azi, kafin a haife ni ya sauke Alƙur'ani.

Daga bayan zana sai muryar Inna. Ban taɓa jin ta sa baki a maganar zaure ba sai ran nan. Ta ce, "Mai gida, shekara biyu nika dafa mutuncinka, bai taɓa cika tukunya ba. Kalwa ta ƙare, ba ni da abin yin daddawa. In ba ka bari shi hau, ni in hau. Kuma ka san in nih hau ban iya sauka."

Sai Kawu ya ce in je in ɗauko tsani.

A ƙauye inda babur ya tsaya nan ne kasuwa. Kafin a kira mai unguwa ya zo, tsakar gidan ta cika, wasu suna leƙe ta kan danga. Tsanin na itace ne mai sara-sara, ni kuma na zo da babbar riga don in yi kwarjini. Na tattare ta na cusa a wando, na cire takalmi, na fara hawa ina salati a zuci. Kawu da kansa ya riƙe mini, ya ƙi bari wani ya taɓa.

Na farko a share yake tas, sai yanar gizo a bango. Na biyu da na ture jinkar wani abu ya taso mini a fuska da kuka, saura kaɗan in saki tsani. Kaza ce take kwanci a ciki. Ashe mutumin nan bai yi ƙarya duka ba, akwai kaji masu himma. Aka yi dariya a ƙasa, ni kuma tabarau ya karkace. Na uku shi ne wanda Kawu yake shiga kullum. Na zura kai na jira idona ya saba da duhu. Babu komai sai wata 'yar kujera ta tsugune da carbi a kanta. Nan yake zama gwiwarsa ta huta kafin ya sauko.

Malamin gona yana ƙasa da rajista a buɗe. Ya ce, "Malam, mi kag gani?"

Na dubo ƙasa, Kawu ya ɗaga kai yana kallona, hannunsa biyu a kan tsani. Bai roƙe ni komai ba. Da na ce akwai, ba wanda zai hau ya duba, zai koma majalisa gobe kamar yadda ya saba, Inna kuma ta shiga damina da tukunya ba komai. Ban taɓa jin nauyin magana irin na ran nan ba, na kuma tsani kaina da na miƙe tsaye a ajin nan ba wanda ya ce in miƙe.

Na ce, "Babu komai."

Mai unguwa kurma-kurma ne. Ya ce in ɗaga murya. Na ɗaga. Ya ce duka ukun? Na ce duka ukun, sai kaza.

Na jira salati, Kawu ma shi yake jira. Ba wanda ya yi. Mai unguwa ya gyaɗa kai ya ce a rubuta. Wata mata ta gyara goyo, masu leƙe ta danga suka fara janyewa. Kawu ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya a kan maƙwabcinsa, wani tsoho sa'arsa da suka taso tare.

Ya ce, "Ba ku ji abin da yac ce ba?"

Tsohon ya ce, "Mun ji."

"To?"

"To ai mun sani."

"Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun bara waccan, da kyanwarka tak kwashe ɗiyanta tak komo gidana. Inda ba ɓera ai ba hatsi."

Wannan karon har Inna sai da ta yi dariya ta toshe baki da mayafi. Kawu bai yi ba. Ya ce to me ya hana su faɗa masa? Tsohon ya ce, "Wa za shi faɗa maka? Mu dai mun bar zuwa roƙon iri wajenka. Mun zaci ka lura."

Kawu ya saki tsanin ya zauna a gindin rumbu. Ya manta ina sama. Tsanin ya fara zamewa, na rungume bakin rumbun ƙafafuna suna lilo, sai da malamin gona ya yar da rajista ya tare. Na sauko da laka har a gemu, ba wanda ya ce mini sannu.

Gyaran dokar bai tsaya a kan Kawu ba. A kwana ukun da suka rage na hau rumbunan da ban san adadinsu ba, na daina sa babbar riga, na kuma gane cewa gidajen da ke yin sabuwar jinka a kan wofi sun fi yadda nake zato. Na daina zancen mutanen Kebbe a majalisa. Da wani malaminsu ya zo ya ce su ma sun gyara tasu, don sun gano matan da ke riƙe awakin kiwo na wasu, sai na ce masa Allah ya taimake mu duka.

Ranar rabo a filin makarantar Jabo aka yi. Tun kafin ranar na aika wa Kawu cewa ya zauna a gida, ni zan kawo masa nasa. Ya aiko cewa wanda aka buɗe wa rumbu ba shi da sauran abin ɓoyo. Ina zaune a tebur na hango shi a layi, ya fi kowa tsawo, da wankakkiyar rigarsa, a bayan mutanen da a da shi yake auna musu. Sun yi ta matsa masa ya wuce gaba, ya ƙi. Rana ta daki kowa har layi ya kawo shi gabana.

Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa a fili, kamar ban taɓa jin su ba, ya ce, "Malam, ina zan dangwala?" Na kama babban yatsansa na danna a tawada na ɗora a takarda. Bai fito ba, fartanya ta cinye zanen. Na sake, sau biyu, sau uku, yana tsaye yana jira hannunsa a cikin nawa, ba nauyi ko kaɗan. A na huɗu wani ɗan baƙi ya fito, na ce ya yi. Ya saɓa buhunsa da kansa ya tafi. Na kira na gaba, amma ban iya ganin layin da zan rubuta shi ba, sai malamin gona ne ya karɓi biron.